As biyu a hannu, an riga ka ƙari: ka ɗora a kai ko ka bi shiru?

A majalisar da muke zama bayan sallar isha'i a unguwar Yelwa, nan cikin Garwa ta ƙasar Kamaru, babu gardamar da ta kai tsawon ran wadda ake yi a kan abin da ya kamata mutum ya yi idan an raba masa kati biyu masu ƙarfi, sannan wani da ke gabansa a zagaye ya riga ya yi ƙari. Wasan da muke bugawa shi ne foka irin ta Teksas, wadda samari suka koya a waya, kuma da tsinken ashana da murafun kwalba muke ƙirga ci, domin caca da kuɗi haramun ce a fili, ko ba kuɗi ma akwai malaman da ba sa son zaman karta, don haka ya kamata mai karatu ya san a kan wace tabarma ake magana. Idan aka cire kuɗi daga wasan, abin da ya rage shi ne lissafi da karantar halin mutane, kuma wannan tambaya ta haɗa duka biyun.

Ga yadda tsarinmu yake, domin a kansa zan gina kowane misali. Mu shida ne, kowa yana farawa da ashana 200, murfin kwalba ɗaya yana tsaya wa tsinke 10. Kafin a raba kati, mutum biyu da ke hagun mai rabo suna ajiye zubin dole, ƙarami 1, babba 2. Wanda ya fara ƙari yakan kai shi 6. Idan magana ta iso gare ka, hanya uku ce a gabanka: ka kife katinka, ko ka bi da 6 daidai, ko ka ɗora ƙari a kan ƙarinsa, misali ka kai shi 18. Wannan na ƙarshe shi ake ce wa zubi na uku, saboda zubin dole shi ne na ɗaya, ƙarin farko na biyu. Duk wannan yana faruwa ne kafin buɗin farko, wato kafin a shimfiɗa kati ukun nan na tsakiya da kowa ke tarayya a cikinsu, waɗanda daga baya ake ƙara musu na huɗu da na biyar ɗaya bayan ɗaya. As ne katin da ya fi kowane ƙarfi, sai sarki, sarauniya, bafade, goma, har ƙasa, don haka maganar kife kati ba ta taso ba ga mai as biyu, saboda haka zaɓin tsakanin bi ne da ɗorawa.

Wani dare a watan Maris, lokacin da zafi ke hana kowa shiga ɗaki, an ɗauke wuta muna wasa da hasken fitilar caji, wani ɗan moto ya buɗe wasa da ƙari zuwa 6. Na kusa da shi, wani tela da nake girme wa da shekara biyar, ya leƙa katinsa, ya kurɓi shayi, ya ƙirga tsinke shida ya tura ba tare da ya ce uffan ba. Ganin haka na bayansa ya bi, mai rabo ya bi, mai babban zubi ya cika 4 ya shiga. Mutum biyar ke nan a ciki, tsibin tsakiya ya kai 31. Aka buɗe takwas, bakwai da uku. Tela ya zuba, mai babban zubi ya ƙara masa, tela ya tura duk abin da ke gabansa, aka amsa masa nan take. Da aka baje kati, as biyu ne a hannun tela, shi kuwa ɗayan takwas da bakwai yake riƙe da su, wato da na tsakiya ya haɗa tagwaye biyu, takwas biyu da bakwai biyu, waɗanda suka fi tagwaye ɗaya, kuma kati na huɗu da na biyar ba su sauya kome ba. Da na tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗorawa tun farko, cewa ya yi: "Yaya, ai da na ƙara da duk sun gudu, ka san yaushe rabona da ganin as biyu?"

Wannan tambaya tasa tana da tushe, kuma ba na son in yi mata riƙon sakainar kashi. A kati 52 ana iya haɗa biyu-biyu ta hanya 1,326, kuma shida ne kawai daga ciki suke as biyu, wato sau ɗaya cikin rabo 221. A zamanmu da ƙyar muke wuce rabo 30 a sa'a, saboda haka mutum zai iya yin sa'a bakwai yana jira, dare biyu ko uku ke nan. Wanda ya yi irin wannan jira, sannan ya ɗora ƙari kowa ya kife, ya kwashi tsinke 9 kacal, dole ransa ya sosu. Masu goyon bayan bi shiru a nan suke kafa hujjarsu: ka ɓoye ƙarfinka, ka bar abokin karawa ya ci gaba da ganin shi ne mai jan ragama, ka ɗana masa tarko ya faɗa da ƙafarsa.

Matsalar ita ce tarkon ba ya zaɓen wanda zai shiga. As biyu suna cin kati biyu da aka zaro da ka kusan sau 85 cikin 100 idan abokin karawa ɗaya ne. Idan sun zama biyu, adadin ya sauka zuwa wajen 73. Idan uku ne, wajen 64. Idan huɗu ne, kamar daren tela, wajen 56. Idan kuwa biyar suka shigo, ya faɗo ƙasa da rabi. Gaskiya ne cewa tsibin yana girma da yawan masu shiga, kuma kashi 56 na tsibin mutum biyar ba ƙaramin rabo ba ne a lissafin takarda. Sai dai wannan lissafi yana aiki ne kawai da za a tsaya a 6 ɗin nan, a buɗe kati biyar a ga mai nasara. Wasan ba haka yake ba, domin akwai zagaye uku na zubi a gaba, kuma a cikinsu ne ake ci ko a rasa mafi yawan ashana. Mutum huɗun da suka shigo da arha, duk wanda buɗin bai yi masa daɗi ba zai kife ya bar maka 6 ɗinsa, wanda kuwa ya haɗa tagwaye biyu ko uku iri ɗaya ko jerin kati biyar masu bin juna zai tsaya ya kwashe maka 194. Kana cin kaɗan daga masu yawa, kana ba da mai yawa ga mutum ɗaya, kuma as biyu kati ne mai wuyar saki ko da alamu sun nuna an wuce ka. Garin neman gira ake rasa ido a irin wannan wuri.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na mai ƙananan tagwaye, a ce biyar biyu. Shi abin da yake fata shi ne biyar ta uku ta faɗo a buɗin farko, kuma hakan yana faruwa kashi 11.8 cikin 100, wato kusan sau biyu cikin 17. Idan ka bi shiru, kuɗin shigarsa 6 ne, abin da yake hange kuwa 194 ɗinka, wanda ya ninka abin da ya biya fiye da sau 30, don haka shigarsa daidai ce kuma kai ka sayar masa da ita a banza. Idan ka kai zubin 18, abin da zai iya ci ya ninka kuɗin shigarsa sau 10 ne kacal, kuma tun da ba kullum zai kwashe duka ba ko da ya dace, shigar ta zama asara a kansa. Ko ya kife ka rabu da haɗarinsa, ko ya bi ya biya fiye da kima. Haka shi ma mai takwas da bakwai na daren nan: da 16 aka nema a wurinsa a maimakon 4, ko dai ya haƙura, ko ya saka su a karawar da as biyu ke ci kusan sau huɗu cikin biyar.

Hujja ta biyu ta masu ɗorawa ita ce ta girman tsibi, kuma a ganina ta fi ta farko nauyi, ko da yake ba a cika kula da ita ba. A ɗauka an yi sa'a, ka bi da 6, kowa ya kife, ya rage kai da mai buɗewa. Tsibin 15 ne, kowannenku yana da 194 a gaba. Idan ana zuba kusan biyu bisa uku na tsibi a kowane zagaye, za a saka 10 bayan buɗin farko, 24 a kati na huɗu, 55 a na biyar. Jimillar abin da ka samu daga gare shi 95 ne, bai kai rabin abin da yake da shi ba, kuma wannan ma sai idan ya biya har ƙarshe. Yanzu a ɗauka ka ɗora zuwa 18 ya bi. Tsibin 39 ne, saura 182. Ka zuba 26, tsibin ya koma 91. Ka zuba 60, ya koma 211. Abin da ya rage a gabansa 96 ne, wanda bai kai rabin tsibin ba, kuma mai riƙe da kati mai ɗan kyau ba ya iya guje masa cikin sauƙi. Zagayen zubi uku ne a nan da can, amma ɗaya ya kawo 95, ɗayan ya kawo 200. Bambancin tsinke 12 na farko shi ya yi ta ninkuwa har ya haifi wannan tazara. Ƙari a kan haka, idan tsibi ya yi girma kan abin da ya rage a hannu, shawara tana sauƙi: mai as biyu a tsibin 39 yana iya tura duka a yawancin buɗi da kwanciyar hankali, alhali a tsibin 15 duk wanda ya yarda ya saka 194 a kanka, mafi yawan lokaci ya riga ya wuce tagwaye ɗaya.

To, ina batun gudun da tela ke tsoro? Abin tambaya shi ne da wane kati mutum ke gudu. Wanda ya buɗe da sarki da tara, ko bafade da takwas, shi ne zai kife idan ka ɗora, kuma irin wannan ko da ka bar shi ya ga buɗi ba zai ba ka abin kirki ba sai ranar da ya doke ka. Wanda ke riƙe da sarauniya biyu, ko sarki biyu, ko as da sarki, ba ya gudu, sau da yawa ma shi zai sake ɗora maka. Mai sarki biyu zai iya tura duka kafin buɗi alhali rabonsa a kan as biyu kashi 18 ne kawai, mai as da sarki kuwa nasa tsakanin 7 ne da 12. Idan ka bi shiru ka jinkirta wannan karo, kana ba wa katin tsakiya damar tsorata shi: idan kana da as biyu shi yana da sarauniya biyu, kusan sau ɗaya cikin uku buɗin farko zai zo da sarki ko as, nan take ya ja birki, ashanar da da ya bayar da hannu biyu ta koma aljihu. Ɗorawa tana korar wanda ba shi da abin ba ka, tana kuma kama mai abin bayarwa tun zuciyarsa na da zafi.

Duk abin da aka faɗa a kan as biyu ya hau kan sarki biyu, har da ƙari, domin su suna da abin gudu a tsakiya. As yana faɗowa a buɗin farko kashi 22.6 cikin 100 idan sarki biyu ne a hannunka, kuma a teburi irin namu, inda ba a kife as ko da ɗan rakiyarsa huɗu ne, barin mutum uku su shigo da arha daidai yake da gayyatar as ɗin da kanka. Tsoron da ke sa wasu bi shiru da sarki biyu shi ne kada su ci karo da as biyu, amma a teburin mutum shida hakan yana faruwa ne kusan sau ɗaya cikin 40, a na mutum tara kusan sau ɗaya cikin 25. Ba a gina tsarin wasa a kan abin da ke zuwa sau ɗaya cikin 40.

Daga sarauniya biyu zuwa ƙasa ne kwatancin ya fara zama na gaske, inda kowane ɓangare ke da abin faɗa. Mai sarauniya biyu zai ga as ko sarki a buɗin farko kashi 41 cikin 100, mai bafade biyu zai ga katin da ya fi nasa kashi 57, mai goma biyu kuwa kusan kashi 70. Wannan yana ƙarfafa ɗorawa, domin duk wanda ka kora da sarki da goma ko as da tara ka raba shi da rabon da yake da shi a tsibin, ka kuma rage yawan katin da za su dame ka. Amma ɗorawa tana buɗe wata ƙofa da bi ke rufewa, wato tana mayar wa mai buɗewa damar sake ƙari. A ce ka kai 18 da sarauniya biyu, shi kuma ya tura 200 ɗinsa gaba ɗaya. Za ka biya 182 don tsibin da zai zama 403, saboda haka kana buƙatar cin kashi 45 kafin ka fita kunya. Idan mutumin ba ya yin haka sai da as biyu, sarki biyu, ko as da sarki, to hanyoyin haɗa su 28 ne: 12 daga ciki sun danne ka ƙasa da kashi 20, 16 kuma kana gaba da kaɗan, wajen 54 zuwa 57. Idan aka haɗa, rabonka kashi 40 ne, bai kai ba, dole ka kife kati mai kyau ba tare da ka ga buɗi ba. Da sarki biyu ne a hannunka a wannan yanayi, rabonka zai kai wajen 47, ka amsa da ƙyar. Idan kuwa yana turawa har da sarauniya biyu, ya haura 55, ka amsa ba tare da dogon tunani ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin ka ƙirga 18 ɗin nan ya kamata ka riga ka san amsar da za ka ba shi idan ya dawo maka.

Saboda haka hukuncin waɗannan tagwaye na tsakiya yana rataye ne a kan wanda ya buɗe da kuma kujerar da ya buɗe daga ita. Akwai wani dattijo a cikinmu, tsohon ma'aikacin kamfanin auduga, wanda zai iya yin rabin sa'a bai taɓa ashanarsa ba, kuma idan ya buɗe daga kujerar farko kowa ya san abin da ke ƙasa. A kansa, bafade biyu ko goma biyu bi suka fi dacewa da shi, musamman idan kana bayansa a zagaye, domin idan ka ɗora zai kife abin da ka fi, ya tsaya da abin da ya fi ka. Ko sarauniya biyu ba laifi ba ne a bi da su a kansa. Amma ɗan moton nan da ke buɗewa da kusan duk abin da aka ba shi, kuma yake ganin kife kati abin kunya ne, a kansa goma biyu ma ɗorawa suke so, domin zai biya 18 da tara da takwas, da as da bakwai, da shida biyu.

As da sarki suna da nasu hali daban, kuma su ne katin da aka fi cutar da kai da su ta hanyar bi shiru. Ba tagwaye ba ne tukuna, kuma suna haɗa tagwaye a buɗin farko kashi 32 ne kawai cikin 100, wato sau biyu cikin uku za ka kalli tsakiya ka ga babu naka. Idan bi ka yi, a waɗannan lokuta mai buɗewa zai zuba, kai kuma ka kife wa mutumin da wataƙila sarauniya da goma yake riƙe da su. Idan kai ne ka ɗora, kai ake tsoro, kuma zubinka na gaba yakan kwashe tsibin ko ba ka haɗa kome ba. Akwai kuma wata fa'ida da ke ɓoye a lissafi: riƙe as ɗaya da sarki ɗaya yana rage hanyoyin da wani zai samu as biyu daga 6 zuwa 3, haka ma sarki biyu, don haka yiwuwar ka afka wa waɗanda suka fi ƙarfinka ta ragu da rabi. Sannan duk mai bin ka da as da sarauniya ko sarki da sarauniya yana ƙasa, kai kana da kusan kashi 74. As da sarauniya kuwa suna gefe biyu na wannan lissafi, suna danne as da bafade, as da sarki suna danne su, shi ya sa nake ɗorawa da su a kan ɗan moto, a kan dattijo kuma wani lokaci kife su nake yi.

Kujera tana iya juya hukunci gaba ɗaya. Mai rabo shi ne ke magana a ƙarshe a duk zagayen da ke bayan buɗi, saboda haka shi ya fi kowa iya bi da kati masu matsakaicin ƙarfi, domin zai ga abin da kowa ya yi kafin ya yanke shawara. Mai ƙaramin zubi shi ne a mafi munin wuri, domin shi zai fara magana har ƙarshen rabon, ga mai babban zubi a bayansa yana jiran shigowa da arha ko ya ɗora a kansu duka. A wannan kujera, ko dai ka ɗora ko ka kife, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙin son shiga wasa a sanyaye ba ra'ayin majalisarmu kaɗai ba ne: a 2019 manhajar kwamfuta mai suna Pluribus, wadda Noam Brown da Tuomas Sandholm suka ƙera a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka tare da Facebook, ta doke ƙwararru a teburin mutum shida, kuma cikin abin da aka lura a wasanta har da yadda ta kusan watsar da al'adar buɗe wasa da biyan zubin dole kawai ba ƙari. Wannan ba ita ce tambayarmu kai tsaye ba, amma 'yar uwarta ce.

Duk da haka akwai wuraren da bi shiru da as biyu ke da hujja, kuma guda uku ne na yarda da su. Na farko, idan akwai mai zafin hannu a bayanka wanda ka tabbatar, ta hanyar gani ba zato ba, cewa duk lokacin da ya ga ƙari da mai bi sai ya ɗora don ya kore su. A nan kana bi ne domin shi ya yi maka ɗorawar, kai kuma ka dawo masa da wadda ta fi ta. Idan bai yi ba, ka koma halin tela, don haka wannan dabara tana buƙatar sanin mutumin sosai. Na biyu, idan ashana ta yi ƙasa, a ce 40 ce ta rage wa kowannenku, aka buɗe da 4: bi zai sa tsibin ya zama 11 saura 36, kuma zubi biyu sun isa su shigar da duka, saboda haka hujjar gina tsibi ta faɗi da kanta. Na uku, idan ka riga ka ɗora zuwa 18, ya mayar maka da 45, kuma kai ne a baya: kowa ya riga ya fita, tsibin zai zama 93, saura 155, kuma bi yana barin mai burga ya ci gaba da burgarsa, alhali tura duka zai sallame shi. A duka ukun, abin da ya halatta bi shi ne cewa ɗaya daga ayyukan ɗorawa, kora ko gina tsibi, ya riga ya samu ta wata hanya.

Akwai kuma gaskiya a cikin kukan masu cewa ɗorawa tana tona asiri, sai dai maganin ba ɓoyewa ba ne. Idan ba ka ɗorawa sai da as biyu da sarki biyu, hanyoyi 12 ke nan cikin 1,326, ƙasa da kashi ɗaya cikin 100, kuma mutanen da kuke zama tare kullum dare ba makafi ba ne, kifi na ganin ka mai jar koma. Idan ka haɗa da sarauniya biyu da as da sarki, sun zama 34, kashi 2.6. Idan ka sauko har goma biyu da as da sarauniya, sun zama 62, kusan kashi 4.7, kuma daga nan ba wanda zai iya rantsewa a kan abin da ke hannunka. A teburin masu lura da saurin kifewa ana iya cusa 'yan katin burga, irin as da biyar masu alama ɗaya, domin 18 da aka saka don cin 9 tana biyan kanta idan ana kife mata sau biyu cikin uku. A teburi irin namu, inda kifewa ke da wuya, burga asara ce, gara a faɗaɗa ɗorawar da katin da suka fi na masu bi.

Girman ɗorawar ma yana iya rushe amfaninta. Wasu sukan so su raba gardama su kai zubin 10 kawai, mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda, suna ganin sun ƙara ba tare da sun kori kowa ba. Wannan ya haɗa aibin hanyoyin biyu ne, domin mai buɗewa zai cika 4 don tsibin da zai zama 23, rabon kashi 17 kawai yake buƙata, kuma kusan kowane kati yana da shi, ga shi kuma ka riga ka sanar da ƙarfinka. Idan ka kai 18, sai ya nemi kashi 31. Abin da aka saba shi ne ninki uku na ƙarin farko idan kana bayansa a zagaye, ninki huɗu, wato 24, idan kana kujerar zubin dole, sannan a ƙara 6 a kan kowane mutum da ya riga ya bi kafin magana ta iso gare ka. Adadin kuma ya zama ɗaya ko as biyu ne a hannunka ko goma biyu, domin tela, bayan ya bar bi shiru, ya koma kai zubin 30 da as biyu, 14 da sauran kati, kuma ba a yi mako ba yaran majalisa suka gane shi, har ta kai da sun ga ya ɗauki murfi uku sai su kife suna dariya tun bai ajiye su a tabarma ba.